Jan Fayif a Motar Baffa

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma ban ƙarasa ba, ga shi kuma maganar ta shafi surukina, mutumin da ko sunansa ban taɓa kamawa da bakina ba. A nan ma ba zan kama ba. Baffa muke ce masa. Mijina kuwa zan ce Baban Firdausi, kamar yadda nake kiransa a gida. Ni sunana Mukarrama.

A Gubuchi muke. Baban Firdausi direban tifa ne a Kaduna, sai ƙarshen wata yake leƙo mu. Shi ne ɗan fari a wurin Baffa, kuma su Baffa suna da jinin Fulani, don haka kunyar ɗan fari a gidan nan ba abin wasa ba ce. Tunda aka kawo ni ban taɓa ganin su biyun sun zauna a tabarma ɗaya ba. In Baban Firdausi ya kira wayar Baffa, Baffa zai duba ya ga mai kiran, ya miƙa wa Inna, uwar mijina, ya yi ficewarsa zaure. Inna ce take karɓar magana a nan ta kai can. Haka gidan yake tafiya lafiya lau, sai satin da Ummuhani, ƙanwar mijina, ta haihu a Likoro, Inna ta tafi yi mata wankan jego. Gida ya rage daga Baffa sai ni sai 'yata Firdausi, wadda ba ta daɗe da fara magana ba.

Baffa yana da wata tsohuwar Fijo a-kori-kura. An ce a da fara ce. Da ita yake kwaso rake daga fadama ya kai Makarfi, da ita yake ɗauko taki, kuma da ita za mu je suna Likoro.

Ana jibi suna, da la'asar, Baffa ya dawo daga fadama. Ya taka birki a ƙofar gida, motar ta ƙi tsayawa. Da yake a hankali yake tafe, sai ta gangara ta je ta jingina da katangar maƙwabta ta tsaya. Ba wanda ya ji ciwo. Maza suka taru ana dariya, wani ya leƙa ƙarƙashi ya ce wani siririn fayif ne ya huje, man birki ya tsiyaye.

Bayan magariba Baban Firdausi ya kira ni. Na ba shi labarin ina dariya, amma shi bai yi dariya ba.

Ya ce, "Fayif ɗin birki ne tsatsa ta cinye. Taki da ruwan fadama ne suka yi masa haka. Mukarrama, saurare ni da kyau. Gobe Baffa zai kira Zulkifilu bakanike. Na san abin da Zulkifilu zai kawo, jan fayif ne irin na masu gyaran firji, don shi ne a kusa, kuma da hannu ake lanƙwasa shi. Kada Baffa ya yarda a sa masa."

Na ce, "Ba shi da kyau ne?"

"A jikin firji yana da kyau, ai firji ba ya bin hanya. Tagulla ce zalla. In mota ta yi ta jijjiga ta sai ta taurare, wata rana ta tsage daga baki, kuma ba za ta yi wa kowa sallama ba. A sa na ƙarfe irin wanda aka cire. In kuma za a samu wanda aka gauraya tagulla da wani farin ƙarfe, wanda don birki aka yi shi, ya fi duka, amma shi sai Zariya."

"To ka kira shi ka gaya masa mana."

"Na kira. Ta yi ta ƙara har ta gaji. Kin san ba zai ɗauka ba. Zulkifilu kuma ya canza layi, ba ni da sabuwar lambarsa. Ke kaɗai ce a gidan, Mukarrama."

Na ce, "To."

Bakina ne kawai ya ce to. Tsakanina da Baffa gaisuwa ce kawai. In durƙusa daga nesa in ce ina kwana, ya ce lafiya lau, in tashi. Ko ruwa zan ba shi, ajiyewa nake yi in koma da baya. Yanzu ni ce zan tsaya a gabansa, a gaban baƙon namiji, in ce masa ga abin da zai sa wa motarsa, motar da yake tuƙawa tun ba a haife ni ba?

Da safe Zulkifilu ya iso a kan babur, da jakar sifanu ɗaure a baya. Mutum ne mai surutu, tun daga tsakar gida nake jiyo shi.

"Baffa, motar nan fa ta isa ritaya. A ajiye ta a dinga ba ta fansho."

Baffa ya ce, "Ta ga haihuwarka, kuma za ta ga auren 'ya'yanka. Duba abin da na kira ka."

Na dama koko, na zuba ƙosai a kwano, na ja mayafi na rufe rabin fuskata. Duk hanyar daga madafa zuwa zaure ina maimaita maganar a zuciyata. Na ma gajarta ta yadda ba za ta yi min nauyi ba: Baffa, an aiko a gaya maka kada a sa jan.

Na same su a bakin zaure. Zulkifilu ya riga ya ciro tsohon fayif ɗin ya ajiye a kan tabarma, baƙi ƙirin, duk ya ɓarɓashe. Kusa da shi akwai wani guntu mai ruwan toka, sai kuma jan, a nannaɗe kamar gammo, yana ɗaukar ido. Na durƙusa na ajiye kwanukan.

Zulkifilu ya ɗaga guntun ya ce, "Wannan na ƙarfe ne, irin na jikinta. Amma samfur kawai na kawo. Dogon sai na je Zariya, kuma yana da tauri, sai an lanƙwasa shi da abin lanƙwasawa, a buɗa bakinsa daidai. Akwai wani ma da ya fi shi, shi ma can ne. Ko wanne ka zaɓa a cikinsu, motar nan ba za ta je suna gobe ba. Wannan jan kuwa, kafin azahar na gama."

Baffa ya ce, "Yana riƙe mai?"

"Yana riƙewa. Gaskiya dai ba ya son gargada. Na sa wa mutane, wasu sun daɗe da shi, wasu sun dawo."

"Waɗanda ba su dawo ba fa?"

"Wataƙila sun canza bakanike."

Suka yi dariya. Ni ina nan a durƙushe.

Baffa ya ɗauki tsohon fayif ɗin ya murza shi da yatsa, garinsa ya zubo. Ya ce, "Me ya kashe wannan?"

"Tsatsa."

"Jan yana tsatsa?"

"Ba ya yi."

"Mahaifiyata tana da munduwar tagulla. Da ita take tatsa, da ita take wanki, har Allah ya karɓi ranta tana hannunta, ban taɓa ganin ta yi tsatsa ba. Don me zan mayar da abin da ya riga ya ci amanata? Sa min jan."

Sai a lokacin ya lura ban tashi ba. Bai dube ni ba, ƙasa ya duba, kamar yadda ya saba.

Ya ce, "Akwai magana ne, 'yata?"

Shi da kansa ya buɗe min ƙofa. Abin da ya rage kawai in faɗa.

Na ce, "A'a, Baffa. Ko a ƙaro sukari?"

"Ya isa haka. Allah ya yi miki albarka."

Na koma ciki na zauna a bakin murhu. Albarkar nan da ya sa min ta fi zagi ciwo. Ina jin su a waje, ƙarar sifana, sannan muryar Zulkifilu daga ƙarƙashin mota yana cewa, "Taka! Ƙara takawa! Riƙe! Saki!" Baffa yana cikin motar yana taka birki ana fitar da iska. Kafin azahar suka tayar da ita. Baffa ya zagaya da ita bayan masallaci ya dawo, ya taka birki, ta tsaya cak. Maza suka yi ta sa albarka. Zulkifilu ya hau baburinsa ya tafi.

Da na ga abin ya fi ƙarfina sai na tuna da Iya Mero. Taubashiyar Baffa ce, tsohuwa mai sayar da daddawa, gidanta yana bayan namu. Duk garin nan ita kaɗai ce take gaya wa Baffa abin da ta ga dama. Na saɓi Firdausi na shiga wurinta, na kwashe komai na gaya mata.

Ta tafa hannu ta ce, "Hanjin firji a mota? Yau na samu abin da zan ci tsohon nan da shi."

Na ce, "Iya, don Allah kada ki ce ni na turo ki. Kada ki ce Baban Firdausi ne ya aiko."

"Don me?"

"In kin faɗa, zai gane tun jiya maganar tana wurina."

Wannan shi ne kuskurena na biyu, kuma ya fi na farko muni. Da Baffa ya ji daga wurin wa maganar ta fito, da ya tsaya ya saurara, don ya san ɗansa a kan mota yake kwana yake tashi. Ni kuwa na cire wa maganar sunan mai ita don in rufa wa kaina asiri, na kuma ba wadda Baffa bai taɓa ɗaukar zancenta da gaske ba.

Na laɓe a bayan ƙyauren zaure ina ji.

Iya Mero ta ce, "Kai, sarkin rowa! An ce hanjin firji ka sa wa akwalar motarka. So kake ka juye mu a rafi gobe?"

Baffa ya ce, "Wa ya ce da ke za a je? Ai nauyinki kaɗai ya isa ya tsinka birki."

"Ni da ko buhun dusa ya fi ni nauyi? Wallahi da gaske nake, abin nan tsagewa yake yi."

"Wa ya gaya miki?"

"Kunnena ne ya jiyo min."

"Kunnen da ba ya jin kiran salla? Mero, ke da ba ki san gaban mota da bayanta ba. Je ki shirya daddawarki, a bayan rago za ki zauna."

Mazan da ke wurin suka fashe da dariya, ita ma ta taya su. Da ta shigo ta same ni sai ta ce, "Na faɗa masa, ya ƙi. Rabu da shi, taurin kai gadonsu ne. Allah zai kiyaye." Ta wuce abinta tana gyara ɗaurin zane.

Da la'asar aka fara loda kaya, don da asuba za a tashi a samu raɗin suna. Tukwane, tabarmi, buhun shinkafa, kayan barka. Aka ɗaure ragon suna a gindin bishiyar ƙofar gida. Matan unguwa suka dinga shigowa, kowace tana kama wurin zama. Adama, matar maƙwabcinmu Inuwa, tana da tsohon ciki, Baffa ya aiko a gaya mata ita ce a gaba, kada gargada ta wahalar da ita. Ya ɗauki Firdausi ya zaunar da ita a cinyarsa a gaban sitiyari, yana ce mata, "Amaryata, gobe ke za ki tuƙa mu." Tana ta bubbuga ham tana ƙyalƙyala dariya.

Magariba na yi wayata ta yi ƙara.

Baban Firdausi ya ce, "Kin gaya masa?"

Na ce, "An gyara motar."

"Wanne aka sa?"

"Mai kyau."

"Na ƙarfe?"

Na yi shiru. Ya ce, "Kina jina?"

Na ce, "Eh. Na ƙarfe."

Ya sauke ajiyar zuciya har ina jiyowa. "Alhamdu lillahi. Na san za ki iya. Duk yinin yau hankalina yana kan hanyar nan, gargada ce tun daga gida, ga gangaren nan kafin rafi, ga mota cike da mata. Oga ya hana ni zuwa, ki gaishe min da mai jego. Allah ya saka miki, Mukarrama."

Na kasa cin tuwo. Ina wanke-wanke ina lallashin kaina. Ai Zulkifilu ya ce wasu sun daɗe da shi. Ai sabo ne, nan da nan ba zai tsage ba. Ai in mun dawo Inna tana nan, sai ta faɗa a canza. Wataƙila ma duk gaskiya ne, ni ban sani ba, kuma rashin sanin ne ya hana ni sukuni. Daga nan sai wani tunani ya zo min: in ce cikina yana ciwo, in zauna a gida ni da Firdausi, su su tafi. Har na fara shirya yadda zan faɗa. Sai na jiyo Adama ta kan katanga tana tambayar mijinta ko ya goge mata takalminta na fita. Na ajiye kwanon da ke hannuna. Wato in tsare tawa 'yar, in bar Adama da cikinta a kujerar gaba. Ban taɓa jin kunyar kaina kamar a wannan lokacin ba.

Washegari, da aka fito sallar asuba, gari ya fara haske, mata suka taru a ƙofar gida. Baffa ya tayar da mota yana ɗumama ta. Inuwa da wani mutum suna kokawa da rago za su ɗora shi a baya. Iya Mero har ta hau ta zauna a kan buhun shinkafa.

Na riƙo hannun Firdausi na fito. Baffa yana tsaye a gefen mota yana goge gilashi da tsumma. Na durƙusa nesa kaɗan, na juya masa gefe, na tsayar da yarinyar a gabana. Na ga yadda wasu mata suke yi in magana ta yi musu nauyi, su faɗa wa yaro a gaban mai ita.

Na ɗaga murya yadda zai ji na ce, "Firdausi, ki gaya wa Kaka, Babanki ya aiko."

Hannun Baffa ya tsaya a kan gilashi.

"Ki ce masa, Babanki ya ce jan fayif ɗin nan..."

Sai ragon ya yi kuka. Firdausi ta fizge hannunta ta ruga wurinsa tana cewa, "Mee! Mee!" Ta bar ni a durƙushe, hannuna a miƙe, ba kowa tsakanina da Baffa.

Na sunkuyar da kai na ci gaba.

"Baffa, ya ce kada a sa jan. Ya ce na firji ne, in mota ta jijjiga shi yana tsagewa daga baki, birki ya tafi gaba ɗaya. Ya ce a sa na ƙarfe, ko wanda aka yi don birki, na Zariya."

Injin mota ne kawai yake ƙara.

Baffa ya ce, "Yaushe ya aiko?"

"Shekaranjiya, Baffa."

"Jiya da kika kawo koko, maganar tana bakinki?"

"Eh."

"Mero ma ke kika turo?"

"Ni ce. Kuma jiya da ya tambaye ni, na ce masa na ƙarfe aka sa."

Halima, ƙanwar Inuwa, ta ce, "Haba, ai jiya a kan idonmu birki ya kama. A yi bismilla a tafi, za mu rasa suna." Wasu suka ce gaskiya ne. Adama kuwa ta cire hannunta daga ƙofar motar.

Baffa ya tattare rigarsa ya tsuguna, ya leƙa ƙarƙashin mota. Ya jima yana kallo. Ban san abin da ya gani ba, wataƙila ba abin da ya gani sai jan fayif yana ƙyalli. Ya miƙe, ya zura hannu ta taga ya kashe injin, ya zare makulli.

Ya ce, "A sauke kaya. Inuwa, kawo baburinka, ni da kai da rago mu yi gaba. Mata su fita titi su nemi mota."

Iya Mero ta ce daga kan buhu, "A rubuta wannan rana! Yau tsohon nan ya ji maganata."

Ba wanda ya yi dariya. Baffa ya juya ya shiga zaure.

Mata suka fara guna-guni. Wata ta ce yanzu sai rana ta take za mu isa, an riga an watse. Halima ta ce, yadda zan ji, "Mutum yana da baki tun shekaranjiya, sai da muka ci kwalliya." Ƙafafuna suna so su kai ni ɗaki in rufe ƙofa. Ban bi su ba. Na ɗaure mayafina a ƙugu, na hau bayan motar, na ba Iya Mero hannu ta sauka. Na dinga miƙo tukwane da tabarmi, mai karɓa tana karɓa, mai hararata tana harara, har bayan motar ya zama wayam. Buhun shinkafa ni da Adama muka so kamawa, na ce ta bari, na ja shi ni kaɗai zuwa zaure.

Da Baffa da Inuwa suka tashi, rago a tsakiyarsu yana ta kuka, na koma gefen katanga na ciro wayata. Na nemo lambar Baban Firdausi na danna, na kara a kunne, na tsaya ina jiran ya ɗauka.